Yadda ake auna kifin teku a Teksas kafin ka jefa shi a kula

Duk wanda ya taso kusa da gulbi a wajenmu ya san cewa kifi in ya yi girma an yi sa'a, shi ya sa a Argungu wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ake ɗagawa sama, ƙananan kuma ba a zubarwa, a soya su ƙarau a barbaɗa yaji yara su cinye. To wannan sabon shi ne yake jefa 'yan'uwanmu cikin matsala in sun zo Houston a jihar Teksas ta Amurka sun fara bin abokai zuwa Galveston da ke bakin teku kamun kifi ran Asabar, domin a nan doka ta ce ƙarami ka mayar da shi ruwa, kuma a wasu irin kifayen babban ma ka mayar da shi, na tsakiya kawai zaka tafi da shi gida. Na ga mutane masu mutunci, waɗanda ko jan danja basa tsallakewa, sun cika kula da kifin da ya saɓa doka ba tare da sun sani ba, wallahi abun yana damuna, shi ya sa na zauna na rubuta wannan dalla-dalla yadda nake yi da hannuna.

Kafin ka bar gida

Farko dai lasisi. In ka kai shekara 17 sai da lasisin kamun kifi, kuma ka tabbatar wanda ka saya ya haɗa da izinin ruwan gishiri, don na ruwan daɗi daban yake. Ana sayarwa a intanet da shagunan kayan wasanni, ni na mazaunin jiha na saya dala 35, kuma mafi yawan lasisin nan ranar 31 ga Agusta suke mutuwa ko da a watan Yuli ka saya, wannan ranar ka riƙe ta a ka. In cikin gandun shaƙatawa na jiha kake kamun daga bakin ruwa, kamar wanda ke tsibirin Galveston, ba a neman lasisi, amma dokar tsawo da ta adadi suna nan daram, ba a ɗage maka ko ɗaya ba.

Na biyu ka sauke manhajar Outdoor Annual a wayarka, ta hukumar kula da gandun daji da namun daji ce ta Teksas, kyauta ce kuma tana buɗewa ko babu netwok. Lambobin da zan kawo a ƙasa su nake aiki da su, amma hukumar tana canza su, wani lokacin a tsakiyar shekara ma, don haka duk ranar da zaka fita ka buɗe ka duba kafin ka tada mota, minti biyu ne.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar, ka nemi allon awo. Wani ɗan falle ne na alminiyom ko roba mai tauri, an zana inci a jikinsa, gefe ɗaya an lanƙwasa shi ya tashi kamar ƙaramin bango inda zaka dafa bakin kifin. Ka sayi wanda ya kai inci 32 ko fiye don ya ɗauki kifin da ya wuce 30. Dan Allah kar ka dogara da tef ɗin tela, kar ka dogara da rular da aka zana a murfin kula, wasu basa daidai, sitikar awo da ake mannawa a jikin jirgi ma rana tana sa ta motse. In ka sayo allon ka ɗora tef ɗin kafinta na ƙarfe a kai sau ɗaya ka tabbatar sun yi daidai, shikenan ka huta. Sai ka haɗa da filaya ta cire ƙugiya, tsohon tawul, biro, almakashi ko 'yar wuƙa, da ɗan zare ko waya saboda tag, wato 'yar takardar shaida da ake ɗaura wa babban kifi, zan zo kan maganar tag ɗin.

Ka san wane kifi ne a hannunka

Awo bashi da amfani in baka san sunan abin da ka kama ba, tunda kowane iri da nasa lambar. Ga waɗanda zaka fi haɗuwa da su in kana jifa daga bakin ruwa ko kan duwatsun jeti, wato dogon layin duwatsu da aka jera ya shiga cikin teku.

Redfish, wanda a littafin doka aka rubuta red drum, jikinsa ja-ja ne kamar tagulla kuma yana da baƙin ɗigo kusa da wutsiya, wani ɗigo ɗaya wani da yawa. Daga inci 20 zuwa 28 ake ɗauka, guda 3 a rana. In da santimita ka saba, kusan 51 zuwa 71 kenan.

Tirawut mai ɗigo-ɗigo, shi ne spotted seatrout a rubuce, inci 15 zuwa 20, guda 3 a rana. Wannan lambar daga watan Maris na 2024 ta fara aiki, da can an fi sakin hannu, amma sanyin da aka yi a Fabrairun 2021, wanda duk mazaunin Houston ba zai manta da shi ba saboda ɗauke wuta da fashewar famfo, ya kashe kifi aƙalla miliyan 3.8 a gaɓar Teksas bisa ƙiyasin hukumar, tirawut ya ji jiki sosai, shi ya sa aka matse. Yana da wani ɗan'uwa fari fat mara ɗigo da ake kira sand trout, shi babu iyakar tsawo ko adadi a kansa, to ka duba bayan kifin da fiffikensa da kyau, in akwai baƙaƙen ɗigo to mai doka ne.

Filawunda, flounder a rubuce, kifin nan mai faɗi kamar faifai da idanu biyu a gefe ɗaya, inci 15 ne mafi ƙaranci, guda 5 a rana, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba an rufe ɗaukarsa gaba ɗaya, ko ya kai tabarma girma sai ka sake shi, saboda lokacin ne suke fita daga ƙananan ruwaye zuwa babban teku su yi ƙwai.

Baƙin diram, black drum a rubuce, inci 14 zuwa 30, guda 5. Shipshed, sheepshead a rubuce, inci 15 ne mafi ƙaranci, guda 5. Waɗannan biyun suna ruɗa sabon zuwa domin ƙaramin baƙin diram yana da zane-zane baƙi a tsaye kamar na shipshed, to ka buɗe bakin ka gani, shipshed haƙoransa kamar na rago suke a jere a gaba, shi kuwa diram yana da 'yan gemu-gemu a ƙarƙashin haɓa. Bambancin inci ɗaya ne tsakanin 14 da 15 amma shi ke raba halas ɗin doka da tara.

Sai abin da mutanenmu suka fi so, kuroka da tarwadar teku. Kuroka babu iyaka a kansa, ka ɗebi abin da zaka ci. Tarwadar teku iri biyu ce, mai dogon fiffiken baya kamar tuta da yauƙi mai yawa, ita sai ta kai inci 14, ɗayar mai taurin kai babu doka a kanta. Dukansu ƙayar fiffikensu tana da dafi, in ta soke ka zaka ji a jikinka har dare, da filaya ake kama su.

Awon kansa, mataki-mataki

To ka ja kifi ya fito. Kar ka jefa shi kan siminti ko kan duwatsu yana birgima, domin har yanzu baka san ko naka bane, in ya zama na mayarwa ne kana so ya koma da ransa.

Ka jiƙa allon awon da ruwan tekun, ka jiƙa hannunka. Yauƙin da ke jikin kifi shi ne rigarsa, shi ke kare shi daga cuta, busasshen hannu ko allo mai zafin rana yana kankare shi. Ka ajiye allon a wuri mai shimfiɗe, ba a kan cinyarka ba, ba a kan dutse mai karkata ba.

Ka kwantar da kifin a gefensa a kan allon. A kan allon nace, wato rular tana ƙarƙashinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauko tef ya bi ta saman jikin kifin daga baki zuwa wutsiya, tef ɗin ya hau tudun ciki ya sauko, kaga ya ƙara masa tsawon da bashi da shi, a kifi mai ƙiba har rabin inci ko fiye yana ƙaruwa. Doka miƙaƙƙen layi take nufi.

Ka rufe masa baki, ka tura shi a hankali har leɓensa ya taɓa bangon allon. Baki a buɗe yana canza awo, musamman tirawut da leɓensa na ƙasa ya ɗan fito. In ƙugiya ko abin riƙe baki yana tsakani ka cire tukuna.

Da ɗaya hannun ka matse fiffiken wutsiyar, na sama da na ƙasa su haɗu, ka ɗan juya ta yadda zata ba da iyakar tsawonta, sai ka karanta inda ƙarshen ƙarshenta ya tsaya. A Teksas haka ake awo, cikakken tsawo daga baki zuwa ƙarshen wutsiya a matse. Kifin da wutsiyarsa ke da tauri bata matsuwa, kamar makarel, sai ka karkata wutsiyar har tsinin da ya fi tsawo ya miƙe ka karanta a nan. Kuma ka sa idonka daidai saman layin, in ka leƙa daga gefe idonka zai baka abin da zuciyarka take so.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Matse wutsiya tana taimakonka a ƙasa amma tana kama ka a sama. Tirawut da yake 14 da uku bisa huɗu in ka bar wutsiyar a baje zai iya kai 15 in ka matse, to ya halatta. Amma redfish da yake 27 da uku bisa huɗu a baje, kana matsewa sai ka ga ya haura 28, to ya wuce, kuma jami'in da zai duba ka matsewa zai yi. Baka da damar ka matse wa ƙarami ka baje wa babba, hanya ɗaya ce ga kowa.

Ka bar wa kanka rata

Wannan ba a littafin doka yake ba, daga gogewa ne. Kifi in ya mutu ya kwanta cikin ƙanƙara yana ɗan motsewa, jikinsa ya sandare ya ɗan lanƙwashe, wanda ka auna 15 cif da safe in aka sake auna shi da la'asar zai iya zama ƙasa da haka da ɗan kaɗan, kuma jami'i abin da ya gani a allonsa a lokacin da shi zai yi aiki, ba labarin da zaka bashi na safe ba. Ni ƙa'idata rabin inci ce, tirawut sai ya kai 15 da rabi, redfish sai 20 da rabi, a sama kuma in ya wuce 27 da rabi nakan sake shi. In kana tsaye kana ta danna kan kifi kana jan wutsiya don ya taɓa layi to amsar ta riga ta fito, mayar da shi.

Na taɓa ganin wannan da idona a Texas City Dike, doguwar hanyar nan mai kusan mil biyar da ta shiga cikin ruwa. Wani ɗan'uwanmu da muka je tare, karonsa na biyu kenan, ya kamo tirawut mai kyau, ya zaro tef daga aljihu ya bi ta saman cikin ya ce alhamdulillah 15 da kwata, har ya buɗe kula. Nace masa Malam dan Allah kawo mu ɗora a allo. Muka jiƙa, muka kwantar, na rufe bakin ya matse wutsiyar da kansa, ƙarshenta ya tsaya kafin layin 15 da kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya durƙusa ya sa shi a ruwa da hannu biyu har ya ji ya motsa ya tafi. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga jami'an kula da namun daji suna bi mota-mota suna buɗe kuloli, suka duba namu suka gaishe mu suka wuce.

Su jami'an nan 'yan sanda ne cikakku a dokar jiha, suna da ikon neman lasisinka da duba abin da ka kama. Laifin ƙaramin kifi ko wuce adadi tararsa daga dala 25 zuwa 500 ce, kuma ana iya lissafa kowane kifi a matsayin laifi daban, bayan haka ga kuɗin diyyar kifin da jiha ke nema, in ka ƙi biya a hana ka sabon lasisi. Mu da yawancinmu baƙi ne, wani ɗalibi wani yana jiran takardu, me zai kai ka kotu a kan kifin da bai cika faranti ba.

Me ya sa ake mayar da babba

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi min, kuma in ka gane amsar dokar zata daina yi maka ciwo. Redfish yana rayuwar yarintarsa a ƙananan ruwayen bakin gaɓa, shekara uku zuwa huɗu, sai in ya kai wajen inci 28 zuwa 30 ya balaga ya fita babban teku ya shiga garken manya, kuma waɗannan manyan su ne iyaye, mace ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai a kaka guda, kuma suna iya rayuwa shekaru talatin ko fiye. Kaga iyakar ƙasa tana ba yaro dama ya girma, iyakar sama tana kare uwa. Makiyayi ya fi kowa gane wannan, ba a yanka saniya mai haihuwa ana da bijimi a garke.

Kuma ba haka kawai aka ƙirƙiro ba, an taɓa kusa rasa kifin. A 1981 majalisar Teksas ta hana kamun redfish da tirawut don sayarwa, sannan a shekarun 1980 ɗin wani salon gasa redfish da kayan yaji har ya yi baƙi ya fito daga New Orleans ya karaɗe gidajen abinci a Amurka, jiragen 'yan kasuwa suka dinga zagaye garken manyan da taru a Tekun Meziko, har gwamnatin tarayya ta rufe kamunsa a ruwanta kafin ƙarshen shekarun, kuma har yau a rufe yake. Jihar ta kafa wuraren ƙyanƙyasa, irin na Sea Center Texas a Lake Jackson, suna sakin 'ya'yan kifi a ruwa duk shekara. Redfish ɗin da kake kamawa yau a sauƙaƙe amfanin wannan haƙurin ne. Mu ma ai mun san irin wannan, a Argungu ba kullum ake shiga Matan Fada ba, ana killace wurin sai lokacin biki ya yi sannan a ba da izini, dalilin da ya sa ake samun manya kenan.

In ka kama wanda ya wuce 28

A watan Satumba da Oktoba manyan redfish suna matsowa bakin jeti da gaɓa, zaka iya kama mai inci 35 ko 40 daga tsaye a kan yashi. Lasisinka na ruwan gishiri yana zuwa da tag guda ɗaya wanda ya baka damar ɗaukar babba ɗaya a shekarar lasisi. In ka yanke shawarar ɗauka, nan take zaka cire tag ɗin daga jikin lasisin, ka cike abin da aka tambaya da biro, ka yanke wata da ranar, yankewa ba zagayewa da biro ba, sai ka ɗaure shi da zare ko waya a siririn wurin da wutsiya ta haɗu da jiki. Nan take nace, ba sai ka koma mota ba, babban kifi a kula babu tag laifi ne ko tag ɗin yana aljihunka. Wanda lasisinsa a wayar salula yake kuma a manhaja zai yi rajistar kifin a lokacin. Tirawut ma yanzu akwai irin wannan tag ɗin na babba.

Ra'ayina dai ka sake shi. Naman babban redfish yana da kauri da tauri, wanda yake 22 ko 24 ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, a farfesu ko a gashi. Ka ɗauki hoto ka tura gida ya isa.

Yadda ake sakin kifi ya rayu

Mayar da kifi ba wurga shi bane. Ka riƙe shi a kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki ɗaya a wutsiya, kar ka rataye babban kifi ta baki nauyinsa duka yana lilo, kuma kar ka cusa yatsu cikin jan wurin numfashinsa. In ya haɗiye ƙugiyar ta yi nisa kar ka tsaya tono, yanke zaren kusa da baki ya fi masa. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ta fi kama gefen baki maimakon ciki, in da jatan lande ko yankakken kifi kake jifa ita zaka saya. Ka gama komai da sauri, awo da hoto duka kar su wuce iya lokacin da kai zaka iya riƙe numfashinka. In ya gaji ka riƙe shi cikin ruwa kansa yana fuskantar inda ruwan ke tahowa har ka ji ya buga wutsiya da ƙarfi sannan ka saki. Daga saman gada mai tsawo kuma akwai raga mai igiya da ake saukar da shi da ita.

Bayan ya shiga kula

Kar ka yanke kai ko wutsiya, kar ka fere naman, matuƙar kana kan jirgi ko kan jeti ko kan gadar kamun kifi, sai ka sauka tudu ka gama kamun. Dalili a fili yake, kifin da babu kai babu wutsiya ba a iya auna shi. Cire hanji ba laifi, yana ma sa naman ya daɗe. Mutanenmu suna son gyara kifi tun a wurin don kar a kai ƙarni gida uwargida ta yi faɗa, to ka cire hanjin da ɓawon ka bar kai da wutsiya, dama ai kan muna so a miya.

Adadi na mutum ɗaya ne, kuma rana tana farawa daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. In ku huɗu kuka je da kula ɗaya, kowa ya san nasa, kuma wanda bai jefa ƙugiya ba, ko bashi da lasisi alhali doka ta nema masa, ba a lissafa masa kaso. Wanda ka riga ka sa a kula ko ka zira a igiya ya shiga lissafi, kar ka ce in ka samu wanda ya fi shi zaka zubar da na farko ka musanya, wannan ɓarna ce.

Masu birgi kuma ku ji, an yarda ka jefa birgi wanda faɗinsa bai wuce ƙafa 14 ba don kama ƙananan kifin da zaka sa a ƙugiya, amma redfish ko tirawut in ya faɗo ciki, ko ya cika awo, sai ka mayar, su da sanda da ƙugiya kawai ake kama su, kuma ba a yanka su a yi abincin ƙugiya da su.

Ƙaguwa ma tana da awo. Shuɗiyar ƙaguwa inci 5 ce, ana aunawa a faɗin bayanta daga tsinin ƙaya na hagu zuwa tsinin na dama, kuma in ka juya ta ka ga wani dunƙule kamar soso ruwan lemo ko ruwan ƙasa a cikinta to ƙwai ne, ko ta kai girman me sai ta koma.

In ka shiga jirgi ko ka tsallaka wata jiha

Ruwan Teksas ya tsaya a mil 9 na teku daga gaɓa, bayan nan ruwan gwamnatin tarayya ne da dokarsa daban. Jan sinafa, red snapper a rubuce, a ruwan jiha inci 15 ne guda 4, a ruwan tarayya inci 16 guda 2 kuma sai lokacin da aka buɗe kakarsa. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne tarayya tana auna wasu kifayen zuwa tsakiyar rabuwar wutsiya ne, wato inda ta yi baki biyu kamar gwafa, ba zuwa ƙarshe ba. Babban makarel da ake kira kin a dokar tarayya inci 24 ne zuwa gwafar, a dokar Teksas inci 27 ne cikakken tsawo, ƙaramin makarel mai ɗigon rawaya 12 zuwa gwafa, 14 cikakke. Kifi ɗaya ne, hanyar awon ce ta bambanta, to duk lambar da ka gani ka duba wane irin awo ake nufi. Kuma ɗan kin yana kama da mai ɗigon rawaya sosai, ka duba layin da ya bi gefen jikinsa, na kin yana faɗowa ƙasa kwatsam a tsakiya, na ɗayan a hankali yake gangarowa kuma gaban fiffikensa na baya baƙi ne.

Kifin da aka jawo daga zurfi kamar sinafa zaka ga cikinsa ya kumbura, wani har tumbinsa ya leƙo ta baki saboda iskar da ta buɗe a jikinsa, in ka sake shi haka zai yi ta yawo a saman ruwa ya mutu. Akwai wata 'yar na'ura mai nauyi da ake maƙala masa a leɓe ta mayar da shi ƙasa ta sake shi a can, ka tambayi mai jirgin ya nuna maka yadda take aiki tun kafin ku bar gaɓa.

In kuma ka tuƙa gabas ka tsallaka kogin Sabine ka shiga Luwiziyana, lasisinka da lambobinka duka ka ajiye su, can tun watan Yunin 2024 redfish inci 18 zuwa 27 ne guda 4, kuma babu ɗaukar wanda ya wuce 27 ko ɗaya. Filorida ma 18 zuwa 27 ne, adadin kuma ya danganta da yankin da kake. Ni abin da nake yi, a bayan allon awona na manna farin tef na rubuta lambobin Teksas da alƙalamin maka wanda baya gogewa, redfish 20 zuwa 28, tirawut 15 zuwa 20, filawunda 15, diram 14 zuwa 30, shipshed 15, tarwada 14, duk ranar 1 ga Satumba in na sabunta lasisi sai na ɓare tsohon tef ɗin na buɗe manhaja na sake rubutawa.